Takwara na Huɗu

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya da maiɗakinsa da yara. Yaya ƙafar? Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ta kwarmato kana ta "me kika ce?" har maƙwabta suka san sirrin gidanmu. Kuma kai ne mai cewa maganar da ba a rubuta ba iska ce. To ga takarda, direban nan mai kai kaya garinku zai miƙo maka.

Albishirinka. Sabon ginin gidan ajiye takardun tarihi ya kammala, ranar ɗaya ga wata mai kamawa za a buɗe shi, kuma Darakta ya ce kai za ka yanke ƙyalle. Ya ce wanda ya shekara talatin da shida yana fama da gara da ɓeraye a wurin, shi ya cancanci riƙe almakashi. Ka sa a wanke maka rigar zuwa taro tun yanzu.

Ni kuma an aro ni daga makaranta na wata guda, in tsara abin da za a zuba a allon tagulla na bakin ƙofa. Takwarorin nan uku na garinmu za a sa, masu suna ɗaya, waɗanda har yau iyaye ke raɗa wa 'ya'yansu sunan saboda su: Injiniya, Hedimasta da Alƙali. Kowa layi takwas. Ɗan littafin da ka rubuta a kansu na buɗe, don ba ni da madogarar da ta fi shi. Na Injiniya bai ba ni wahala ba, yadda ya tsaya a ƙarƙashin gadar da ya gina ranar da babbar mota ta farko za ta haye, ya ce in za ta rushe ta fara da shi. Na Hedimasta ma haka, yadda ya buɗe aji a ƙarƙashin rumfar kwano da yara bakwai, huɗu daga ciki nasa.

Na Alƙali ne ya tsaya mini a wuya. Ka san babu labarin da nake so kamarsa: shekarar agana ya ajiye shari'a, ya hau keke, ya bi ƙauyuka arba'in yana yi wa mutane allurar rigakafi, da suka tsorata ya fara da 'yarsa a tsakiyar kasuwa. Da shi na ci gasar karatu ina aji biyar, kana layin gaba kana gyaɗa kai, kuma shekara goma sha biyu ke nan ina koyar da shi. To ranar Alhamis ana kwashe kaya, rajistar kotunsa ta faɗo hannuna. Kawu, watanni biyar ɗin nan na agana babu ranar aiki ɗaya da bai zauna shari'a ba, ga sa hannunsa a ƙasan kowane shafi. Na koma na ƙura wa hotonsa ido. Allah ya jiƙansa, amma da wannan tumbin, keken da zai kai shi ƙauyuka arba'in ba a ƙera shi ba tukuna.

Wani abu kuma. Wata tsohuwa mai ɗinki ta ji labarin allon a rediyo, ta zo ta ce wa mai gadi ai ubanta ne ya yi allurar, sunansu ne ɗaya da Alƙali. Mai gadi ya ce mini ba yau ta fara ba, kada in biye mata. Ban ko fito ba, ta taga na hango ta tana komawa.

Wurin nan ya hargitse. Abin da za a kai sabon gini an ware, kwalayen da aka ce ba su da amfani an jibge su a tsakar gida, ƙarshen wata za a cinna musu wuta. Mai zubin tagulla kuma yana son rubutuna ranar ashirin. Ka warware mini batun rajistar nan, na san kana da amsa, kai da ba a taɓa kama ka da kuskure ba.

Ka gaida kowa da kowa. Ka huta lafiya.

'Yarka, wadda kake kira Uwata

*

Alhamis, 6 ga wata

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso hannuna jiya da la'asar, na kuma fahimci abin da ke cikinta. Muna nan lafiya. Ƙafa kuwa sai godiya, tsufa ba ya jin magani. Ki isar wa Darakta godiyata bisa wannan karramawa.

Game da rajista. Tunda sunan mahaifiyata kika ci ba zan yi miki faɗa ba, amma zan tuna miki cewa ba a koyon tarihi a mako ɗaya cikin kwashe kaya. A wancan zamani magatakarda ne kan cika rajista, alƙali ya zo daga baya ya sa hannu a shafuka da yawa a zama ɗaya. Batun tumbi kuwa, an ɗauki hoton shekara goma sha biyar bayan agana. Ni ma da kike ganina haka, na taɓa tsallake katanga.

Ki yi hattara da sunan mutumin nan. Shi ne wanda wani mai ƙara ya aika masa da rago, ya sa aka ɗaure ragon a ƙofar kotu kwana uku yana kuka, duk wanda ya tambaya a gaya masa na wane ne, har mai shi ya zo da kansa ya kwance abinsa kansa a ƙasa. Irin wannan mutum ba a taɓa masa tarihi don yarinya ta ga tawada a rajista. An buga littafina sau tara, masana sun karanta, babu wanda ya ɗaga yatsa.

Matar da kika ambata na san ta. Duk babban mutum in ya kwanta dama sai 'yan uwa su tsiro masa ta ko'ina. In ta dawo ki ba ta kujera, ki yi mata magana mai daɗi, ki sallame ta. Ki rubuta layinki takwas yadda suke a littafi, ki miƙa wa mai zubi a kan lokaci.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

Af, na manta. Kwalayen da za a ƙone, wa ya tantance su? Ki aiko mini da jerinsu. Ba don komai ba, sabo ne kawai.

*

Talata, 11 ga wata

Kawu,

Assalamu alaikum, tare da fatan kun tashi lafiya. Gaisuwata yau gajera ce, ka yi haƙuri.

Na koma kan rajista kamar yadda ka koya mini, ba kamar yadda ka umarce ni ba. Tawadar kowace rana daban ce. A wata na uku ma, da hannunsa ya rubuta cewa ya ɗage wata shari'a saboda agana ta kama mai shaida. Mutumin da ke ƙauye a kan keke ba ya ɗage shari'a a gari.

Ranar Asabar na ɗauki yadi na tafi shagon tsohuwar, wai ɗinki na kawo. Wani ɗan siririn shago ne tsakanin mai gyaran waya da mai yanka makulli, keken ɗinkinta na ƙafa, alluranta a gwangwanin madara. Da na ɗaga kai, abin da ke rataye a igiya duk kayan makarantarmu ne, ashe ita ke ɗinka wa ɗalibaina. Ta gwada ni da tef, ta rubuta awon a bangon littafi, sannan ta ce in daina wahalar da kaina, ta gane ni, ni ce malamar tarihi.

Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta ce ubanta ƙaramin ma'aikacin asibiti ne, mutanen ƙauye Mai Keke suke ce masa. Wata biyar bai shiga ɗaki ba. In ya dawo a bayan gida yake tuɓe kayansa, mahaifiyarta ta dafa su a cikin garwa, shi kuma ya kwana a rumfa, ta taga yake ɗaga mata hannu. Tana da shekara shida ya ɗora ta a kan teburin mai kayan miya a kasuwa, ya yi mata allurar kowa yana kallo, ya ce in cuta ce to ga tasa 'yar. Bayan shekara biyu ya rasu, babu wanda ya sake ambatonsa. Ta ce jikokinta biyu sun bi ta ajina, sun dawo gida suna haddar labarin Alƙali, ta ce musu su rubuta abin da malama take so su ci jarrabawarsu. Kawu, na so ƙasa ta tsage in shige. Ni na ba yaran nan maki goma bisa goma don sun mayar da kakarsu 'yar wani.

Sai na tambaye ta me ya hana ta kai maganar gidan tarihi tuntuni. Ta tsayar da keken, ta dube ni. Ta ce ta kai, shekara talatin da uku da suka wuce, bayan fitowar littafin. Ta ce akwai wani malami mai tabarau a ɗakin karatu, da mutane cike, ta naɗe hannun rigarta ta nuna masa tabon a dantsenta. Na ce me ya ce mata. Ta ce: "Cewa ya yi, rabin garin nan suna da irin wannan tabo, rufe jikinki. Aka yi dariya, na rufe."

Ban gaya mata kai wane ne a wurina ba, ƙarfin halina bai kai nan ba. Na karɓi ranar da zan zo ɗaukar ɗinki na fito.

Amma baki da tabo ba za su sa Darakta ya canza allo ba, takarda zai nema, ni kuma ba ni da ita. Ga jerin da ka tambaya: kwalayen lasisin kekuna, na yankan ciyawar filin wasa, na gyaran lambatu, na fentin ofisoshi, guda ɗari uku da 'yan kai. Ruwa ba ya tsami banza, Kawu. Shekara goma sha ɗaya da barinka aiki ba ka taɓa tambayar kwali ba sai yanzu. Me ke cikinsu?

Ina jiran amsa kafin ranar ashirin.

'Yarka

*

Juma'a, 14 ga wata

Uwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Wannan ita ce takarda ta huɗu da na fara tun shekaranjiya, ukun na yayyage su. Yayanki ya tambaye ni ko jikina ne, na ce masa ƙafa ce.

Ki je tsakar gida ki nemi kwali mai lamba ɗari biyu da goma sha biyu, na gyaran lambatu. Fayil na bakwai daga sama, tsakanin takardar odar siminti da ta ƙorafin masu shaguna. Ki je yau, kada wani mai zafin nama ya ga bai kamata a jira ƙarshen wata ba.

Yanzu ki zauna ki ji yadda kawunki ya yi.

A tsarin aikinmu kowane mutum kati ɗaya gare shi, duk takardar da ta ambace shi a rubuta lambarta a katin. In suna ya zo ɗaya, sunan uba ke raba su. Haka na raba Injiniya da Hedimasta da Alƙali, ina kuma alfahari da hakan. Sai rahoton likita na shekarar agana ya zo hannuna, yana yabon wani mai wannan suna, babu sunan uba, sai lamba goma sha huɗu a gefe. Na ɗauka lambar fayil ce. Na dubi katunana uku. Injiniya ya riga ya rasu a lokacin, Hedimasta yana wata ƙasa karo ilimi, saura Alƙali. Ban tsaya na tambayi kaina ko akwai na huɗu ba, domin a raina wannan suna na manya ne, bai zo mini ba cewa mai wanke kwalabe a asibiti ma uwarsa ta iya raɗa masa shi. Na rubuta lambar rahoton a katin Alƙali. Ina da shekara talatin da huɗu, labarin kuma ya yi daɗi ƙwarai, shi ya sayar da littafin.

Wannan kuskure ne, kowa na yi. Abin da na yi wa matar nan ba kuskure ba ne. Ranar akwai baƙi daga jami'a a ɗakin karatu, sun zo musamman don su ga marubucin. Tana shigowa da maganarta na gane ba ƙarya take yi ba, don ta ambaci garwar dafa kaya, abin da ke cikin rahoton amma ban sa a littafi ba. Da na ce ta zauna mu duba, da an wuce wurin. Amma wanzami ba ya son jarfa. Ni da nake gyara wa kowa kwanan wata, na ga ba zan iya bari tela ta gyara mini a gaban baƙi ba. Kalmomin da ta gaya miki haka na faɗe su, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Ni ma na yi dariyar.

Bayan shekara biyu asibiti ya aiko mana da tsofaffin takardunsa. A ciki na tarar da jerin ma'aikatan agana. Ƙananan ma'aikata ba a rubuta musu sunan uba, suna ɗaya da lamba kawai ake ba su. Na goma sha huɗu shi ne uban matar nan. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. A makon ne aka sanar da cewa an sa littafina cikin manhajar makarantu.

Ban ƙone takardar ba, ban yaga ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa ni ma'aikacin kirki ne, ban taɓa lalata takarda ba. Amma duk wanda ya yi aikinmu ya san ba sai ka ƙone takarda ba, ka sa ta a kwalin da ba nata ba, ta mutu ke nan. Na zaɓi lambatu don na san babu ɗalibin da zai taɓa neman tarihin kwata. Na ce zan fito da ita in an zo bugu na biyu. Aka yi na biyu, na ce na uku. Kullum in zan shiga sito sai na wuce kantar da kwalin yake, har na koyi bi ta ɗaya layin.

Da takardarki ta farko ta zo, kin san abin da na fara ji? Sauƙi. Na ce nan da ƙarshen wata wuta za ta yi mini abin da na kasa yi da hannuna, in je in yanke ƙyalle hankali kwance. Kwana uku ina ɗauke da wannan tunani ina kai goshina ƙasa da shi. Wannan ya fi komai ba ni kunya, ya fi abin da na yi ina saurayi, don yanzu ba ni da uzurin ƙuruciya. Kuma na dubi Alƙali, mutumin da ya ƙi ragon wani, ni na ɗaure masa aikin wani a ƙofa shekara talatin da biyar.

Kin ce ba a taɓa kama ni da kuskure ba. Gaskiya ne, ni ke riƙe da makullin sito.

Ki yi abin da ya dace. Ba na roƙon ki rufa mini asiri.

Kawunki

*

Laraba, 19 ga wata

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cin abinci, Yaya ya ce ka rage.

Na samu. Kwalin yana can ƙasan tulin, ruwa ya taɓa gefensa amma bai kai ciki ba. Fayil na bakwai, daidai inda ka ce, ƙwaƙwalwarka dai ba ta tsufa ba. Shafi ɗaya ne tak. Lamba goma sha huɗu, sunansa, keke ɗaya, tulun ƙanƙara ɗaya, da layin gidansu, wanda har yau a nan take zaune. A ƙasa likita ya ƙara da hannunsa cewa wannan ma'aikaci ya fara da 'yarsa mai shekara shida. A kan kwalin na zauna na yi kukana, masu kwashe kaya suka ɗauka rasuwa aka yi mini.

Ba zan ɓoye maka ba, kwana biyu ban so in ji sunanka ba. Kai ka koya mini in wanke hannu kafin in taɓa tsohuwar takarda. Amma laifi tudu ne. Ni ma ta taga na kalle ta ranar farko, ban fito ba, kuma ni babu baƙin jami'a a kaina.

Akwai abin da ka manta, ko ba ka san ka yi ba. Ka san al'adarka, duk takardar da ta bi ta hannunka sai ka sa mata kwanan wata da harufan sunanka da fensir a kusurwa. Kawu, wannan ma ka sa mata. Kana cikin ɓoye ta hannunka ya yi aikinsa. Duk wanda ya duba zai ga ranar da ka gan ta, shekara talatin da ɗaya da suka wuce.

Na kai wa Darakta. Ya karanta, ya cire hula ya shafa kai. Ya kira jikan Alƙali, shi kuwa dariya ya yi ta kunya, ya ce kakarsu ta sha faɗa cewa tsohon ko hawa keke bai iya ba, su dai sun ga labarin ya yi kyau suka yi shiru. An yarda allon ya zama na mutum huɗu, kowa layi shida, gobe zan miƙa wa mai zubi. Na mayar wa Alƙali labarin ragonsa, ya ishe shi.

Sai Darakta ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini abin goge fensir. Ya ce tsoho ne, ya yi wa wurin nan hidima, a goge kusurwar, a ce cikin kwashe kaya aka tsinci takardar, kowa ya fita kunyar kowa, ka zo ka yanke ƙyallenka. Na karɓa. Yana nan cikin jakata, na fito da shi ya fi sau goma. Ina son ka, kuma ba na son a yi da kai a gari. Amma in na goge, matar nan za ta tafi kabarinta tana zaton ba a sani ba ne.

Wannan ba nawa ba ne, naka ne. Ka ce in goge ko in bari. Kuma gobe ne ranar karɓar ɗinkina. Zan gaya mata an ga takarda, zan gaya mata ni 'yar ƙanwar wane ce. Sauran ba zan ari bakinka in faɗa ba, kana da alƙalami.

Allah ya ba mu ikon gyarawa. Ka gaida gida.

'Yarka

*

Asabar, 22 ga wata

Zuwa ga 'yar Mai Keke,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da iyalinki, in kin yarda ki karɓi gaisuwar. Ni ne malamin nan mai tabarau na ɗakin karatu.

Gaskiya kika faɗa ranar nan, kuma tun kina magana jikina ya ba ni gaskiya ce. Na wulaƙanta ki ne don kada a ga kasawata. Bayan shekara biyu na ga takardar da ke tabbatar da maganarki, na ɓoye ta da hannuna. Na san shagonki, na sha wucewa ta gabansa, nakan tsallaka ɗaya gefen titi. Ba tsintar takardar aka yi ba, kada kowa ya gaya miki haka.

Na rubuta wa Darakta cewa kada a goge komai a jikinta, a kafe ta a gilashi yadda take, da kwanan watan da harufan sunana. Na kuma gaya masa ba zan riƙe almakashi ba. Zan zo taron, zan nemi minti biyar in faɗi abin da ke cikin wannan wasiƙa a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a na yi miki. Na rubuta wa masu buga littafin su dakata har a gyara.

Mahaifinki shi ne ya fi cancanta a cikin huɗun. Sauran ukun sun yi aikinsu ana kallo ana tafi, shi kuwa ya yi nasa yana kwana a rumfa. Na hana shi sunansa shekara talatin da biyar, na hana jikokinsa su faɗe shi a aji.

Ban san da wane baki zan nemi gafara ba, amma ina nema. In kin ba ni izini zan zo har shago. In ba ki ba ni ba, hakkinki ne.

Wassalam.

Tsohon ma'aikacin gidan tarihi

*

Talata, 25 ga wata

Malam,

Wa alaikumus salam. Na amsa gaisuwa. Takardarka ta zo, na karanta sau biyu.

Ranar nan ba don kaina na zo ba, mahaifiyata ce ta aike ni. Ita ta dafa kayan. Da na koma gida na tarar da ita a bakin ƙofa tana jirana, na kasa gaya mata abin da ya faru. Na ce mata malamin ya karɓe ni hannu biyu, ya ce za a duba. Daga nan duk bayan 'yan watanni sai ta ce, ba su aiko ba? In ce tukuna. Shekara ashirin da biyu muna haka. Ana gobe za ta rasu ma ta tambaya.

Don haka maganar gafara ba ni kaɗai ke da ita ba, kuma ni ma ina da tawa ƙaryar da zan amsa.

Ka zo ranar Alhamis da hantsi, amma ba shago ba. Malama ta san hanyar maƙabarta, za ta kawo ka. An ce ƙafarka na ciwo, zan zo maka da kujera. Ka roƙi Darakta aron takardar, ita kanta ba hotonta ba. Ka karanta wa mahaifiyata a can tukuna, kafin ka karanta wa manya.

'Yar Mai Keke